Berg, TUG ko Mini-BESTest: Wanne Za a Riƙe a Ɗakin Gashi?

Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ake kawo shi gashi sau biyu a mako, bayan wata biyu dole 'ya'yansa su yi tambaya: "Likita, Baba yana samun sauƙi kuwa? Za mu iya barinsa ya je masallaci shi kaɗai?" Idan abin da ke cikin katinsa bai wuce "tsayuwa da dama-dama" ba, amsar da za a ba su ta ido ce kawai, ido kuwa yakan ga abin da zuciya take so. Ga kuma sauyin ma'aikata: wanda ya duba shi a watan jiya ya gama bautar ƙasa ya tafi, wanda ya gaje shi bai san daga inda aka faro ba. Maganin wannan shi ne awo mai lamba, wanda kowa zai iya maimaitawa ya samu abu ɗaya. Sai dai ma'aunan daidaiton jiki sun yi yawa, kuma likitan gashi, ko a asibitin Barau Dikko na Kaduna yake, ko a na Shika, ko a ƙaramin kilinik a Barnawa, ko bin gida-gida yake yi a Rigasa, ba zai iya riƙe fiye da uku ko huɗu ya ƙware a kansu ba.

Masu bincike abu uku suka fi dubawa a jikin ma'auni, kuma duk mai zuwa awon hatsi ya san su. Na farko, idan mutum biyu suka auna da mudu ɗaya, za su samu abu ɗaya? Na biyu, girman mudun ya dace da abin da ake aunawa? Akwai ma'aunin da yake cika da wuri, majinyaci ya cinye makinsa duka alhali har yanzu yana tangaɗi a hanya. Akwai kuma wanda ya fi ƙarfin majinyaci, ya yi ta samun sifili mako bayan mako duk da yana samun sauƙi. Na uku, maki nawa ne kuskuren awo, wato canjin da zai iya fitowa daga hannun mai aunawa ko daga gajiyar majinyaci ba daga lafiyarsa ba? Wannan na ukun shi aka fi mantawa da shi, kuma shi ne yake raba "ya samu sauƙi" da "muna fatan ya samu sauƙi".

Ma'aunin Berg

Katherine Berg ce ta fitar da shi a Kanada a 1989, kuma har yau shi ne aka fi sani. Ayyuka 14 ne, kowanne maki 0 zuwa 4, jimilla 56. Kayan aikinsa ba su da tsada: agogon waya, rula, kujera mai hannu, kujera marar hannu ko gefen gado, ɗan matakala, da takalmi ɗaya da za a ajiye a ƙasa. Yana cin minti 15 zuwa 20.

Ana farawa da masu sauƙi: tashi daga zaune, tsayuwa minti 2 ba dafawa, zama minti 2 ba jingina, komawa zaune, da sauya kujera. Sai a ƙara wuya: tsayuwa ido rufe sakan 10, haɗe ƙafafu minti 1, miƙa hannu gaba (santimita 25 ne cikakken maki), ɗaukar takalmi daga ƙasa, waiwaye ta kafaɗar hagu da ta dama, juyawa zagaye ɗaya cikin sakan 4 ta kowane ɓangare, ɗora ƙafa kan matakala bi da bi sau 8 cikin sakan 20, tsayuwa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya sakan 30, da tsayuwa kan ƙafa guda fiye da sakan 10.

Ƙarfin Berg yana wajen daidaiton sakamako. Nazarin da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa ma'aikata biyu da suka auna mutum ɗaya suna dacewa da kusan 0.97, inda 1 ke nufin babu saɓani ko kaɗan. Kuskuren awonsa ma an san shi. A masu shanyewar ɓarin jiki, Stevenson ya nuna a 2001 cewa sai maki ya motsa da kamar 6 ko 7 kafin a amince canjin na gaske ne. A tsofaffi, Donoghue da Stokes sun nuna a 2009 cewa abin ya danganta da inda mutum ya faro: mai maki 45 zuwa 56 yana buƙatar 4, mai 35 zuwa 44 yana buƙatar 5, mai 25 zuwa 34 yana buƙatar 7. Saboda haka wanda ya tashi daga 30 zuwa 33 a wata guda, a rubuta lambar, amma kada a yi wa iyalinsa albishir da ita tukuna.

Inda ake ɓata Berg wurare kaɗan ne, kuma kullum su ne. Ba a yin sa da sanda ko firem ɗin da ake dogarawa a yi tafiya. Idan aka bar majinyaci ya dogara, makin ya tashi daga na Berg. A tsayuwar ƙafa guda, takardar ta bar wa majinyaci zaɓi, mai shanyewa kuwa lafiyayyar ƙafar zai zaɓa, ya ci 4, alhali shanyayyar ba ta ɗaukarsa sakan 2. Ya kamata sashe ya tsayar da doka ɗaya a kan wannan, a riƙa gwada ƙafafun biyu, a rubuta wacce aka ba wa maki. A miƙa hannu, mutane suna murɗa ƙirji su ƙara tsawo, don haka in hali ya yi a miƙa hannu biyu tare. Sai tausayi: idan aikin majinyaci ya faɗa tsakanin 2 da 3, ƙa'ida ita ce a ba shi na ƙasa. Mun san yadda yake da nauyi a rage wa dattijo maki yana kallonka, amma makin da aka ƙara masa yau shi zai ɓoye sauƙin da zai samu gobe.

Babban gibin Berg shi ne babu tafiya a cikinsa, babu kuma abin da ke gwada yadda mutum zai ceci kansa idan ya yi tuntuɓe. Duk ayyukan 14 majinyaci ne yake shirya wa motsinsa da kansa. Shi ya sa mai tafiya da ƙafarsa, kamar mai cutar Fakinson (mai sa karkarwar jiki) a farkonta ko mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ya fara mutuwa, zai iya cin 53 ko 54 kuma ya faɗi a bakin kwata a makon. Lambar 45 da aka haddace a makaranta a matsayin iyakar haɗarin faɗuwa ma ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Binciken Muir da abokan aikinta a Kanada a 2008 ya bi tsofaffi shekara guda, ya tarar cewa yawancin waɗanda suka faɗi makinsu ya haura 45. Haɗarin yana ƙaruwa ne a hankali yayin da maki ke sauka, babu wani layi da mai 46 ya tsira mai 44 ya halaka.

TUG, gwajin tashi ka je ka dawo

Wannan shi ne mafi sauri, bai kai minti 3 ba. Podsiadlo da Richardson suka wallafa shi a 1991. Majinyaci yana zaune a kujera mai hannu, tsayin mazauninta kamar santimita 46, bayansa a jingine. Akwai layi a ƙasa mita 3 daga kujerar. Sai a ce: "Baba, idan na ce 'bisimilla', ku tashi, ku taka zuwa wancan layin yadda kuka saba tafiya, ku juyo, ku dawo ku zauna." Agogo yana farawa da kalmar, ba da ɗagawar jiki ba, yana tsayawa idan ya zauna. Ana yin gwaji ɗaya na koyo wanda ba a ƙirgawa. Da takalminsa na kullum zai yi, da sandarsa in yana da ita, a kuma rubuta hakan.

Kujerar ita ce ke yawan lalata sakamako. Farar kujerar roba ƙafafunta suna buɗewa, tana zamewa a kan tayil, tsayinta kuma ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani. Kujera gajera tana ƙara wa mai raunin cinya sakanni masu yawa. A ware kujerar katako guda, a auna ta, a jingina ta da bango, a yi mata alama da fenti don kada a ɗauke ta zuwa wurin jira. Abu na biyu shi ne lafazin umarni. "Yadda kuka saba" da "iya saurinku" gwaji biyu ne daban, kuma ba a gwama lambobinsu.

Iyakokin haɗarin faɗuwa da ake ambata suna da yawa, kowacce da asalinta. Sakan 13.5 ya fito ne daga binciken Shumway-Cook na 2000, wanda mutum 30 kacal aka yi da su, 15 masu faɗuwa, 15 marasa faɗuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana amfani da sakan 12. Ƙa'idojin duniya na kare tsofaffi daga faɗuwa, na 2022, sun ɗauki fiye da sakan 15. Da Barry da abokan aikinta suka haɗa bincike da dama a 2014, sun ga cewa a iyakar 13.5 gwajin yana kama kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai na waɗanda za su faɗi. Ma'anar wannan a aikace: idan TUG ya ce akwai haɗari, a saurare shi. Idan ya ce babu, kada a sallami mutum a kan maganarsa shi kaɗai. Amfaninsa na gaske shi ne bin diddigin mutum ɗaya daga mako zuwa mako, da kuma abin da ido zai gani a lokacin: sau nawa ya yunƙura kafin ya tashi, taku nawa ya yi wajen juyawa, zama ya yi ko faɗawa kujera ya yi.

Abokin TUG shi ne awon saurin tafiya. A shata mita 10, a yi alama a mita 2 da mita 8, a ɗauki lokacin mita 6 na tsakiya kawai, don a cire tashi da tsayawa. Wanda ya ci mita 6 a sakan 15, saurinsa mita 0.4 ne a sakan. Wanda ya ci a sakan 7.5, mita 0.8 ne. Tun aikin Perry na 1995 ake rarraba masu shanyewa da waɗannan lambobin: ƙasa da 0.4 mai tafiyar cikin gida ne, 0.4 zuwa 0.8 zai iya ɗan fita unguwa, sama da 0.8 zai iya shiga gari. Ga iyalin da ke tambayar ko Baba zai iya tsallaka titin Ahmadu Bello, wannan lambar ta fi makin Berg ba da amsa.

Mini-BESTest

Fay Horak ta fitar da BESTest a 2009, mai ayyuka 36 da maki 108, wanda tsawonsa ya hana shi shiga kilinik mai layi. A 2010 Franchignoni da Horak da abokan aikinsu suka tace shi zuwa ayyuka 14, kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 28. Lokacinsa kusan ɗaya ne da na Berg, kamar minti 15. Bambancinsu shi ne wannan yana faɗa maka inda ɓarakar take, domin ya kasu kashi huɗu.

Kashi na farko, mai maki 6, shirin jiki ne kafin motsi: tashi hannu a harɗe a ƙirji, ɗage dugadugai sakan 3, tsayuwa kan ƙafa guda sakan 20. Na biyu, shi ma 6, ceton kai ne: majinyaci ya jingina nauyinsa a tafin hannun likita har ya wuce iyakar tsayuwarsa, likita ya sake shi ba sanarwa, a ga ko taku ɗaya zai ishe shi ya tsaya. Ana yi gaba, baya, da gefe. Na uku, 6, yana gwada gaɓoɓin da jiki ke dogara da su: ƙafafu haɗe ido buɗe a ƙasa mai tauri, ido rufe a kan soso, ido rufe a kan gangare, kowanne sakan 30. Na huɗu, mai maki 10, tafiya ce: sauya sauri, tafiya ana juya kai hagu da dama, juyawa nan take a tsaya, tsallake akwati, da TUG ana lissafi.

Wannan rabon shi ne darajarsa. Mutum biyu za su iya cin 18, ɗaya ya zubar da makinsa a kan soso domin ciwon suga ya kashe masa jin tafin ƙafa ko kunnen ciki ya samu matsala, ɗayan ya zubar a ceton kai domin ƙafarsa ba ta fita da wuri. Atisayen da za a ba su ba ɗaya ba ne. Godi da abokan aikinsa a Italiya sun gwama shi da Berg a 2013 a kan majinyata ɗaya, suka ga Berg yana cika da wuri fiye da shi, suka kuma nuna cewa canjin maki 4 a Mini-BESTest, ko 7 a Berg, shi ne canji mai ma'ana. A masu daɗaɗɗiyar shanyewa, binciken Tsang a Hon Kon a 2013 ya sa iyakar masu faɗuwa a 17.5.

Kayan Mini-BESTest ne suke sa mutane ja da baya, amma kafinta a Panteka zai haɗa mafi yawansu. Gangaren digiri 10 ne: allon katako mai santimita 60 tsawo da faɗi, a ɗaga gefe ɗaya da santimita 10 da ɗigo 4, a manna masa roba a sama da ƙasa don kada ya zame. Majinyaci yana tsayawa yatsun ƙafa na fuskantar gefen da aka ɗaga. Akwatin tsallakewa santimita 23 ne, kwalin takalmi biyu a ɗaure. Soson ne mai wuyar sha'ani. Wanda aka tsara gwajin da shi kaurinsa santimita 10 ne, matsakaicin tauri. Soson katifa na kasuwa yakan lotse har ƙafa ta ji ƙasa, daga nan kuwa gwajin ya zama tsayuwa a siminti. A sayi mafi taurin da aka samu, a sa ma'aikaci mai jiki ya hau a gani ko zai taɓo ƙasa, a riƙe guda ɗaya ga kowa, a sauya shi idan ya fara kwanciya.

Kurakuran da ake yi a Mini-BESTest uku ne. Ana samun masu rubuta jimilla 32 domin sun ƙirga hagu da dama daban a tsayuwar ƙafa guda da ceton kai na gefe. Daidai shi ne a ɗauki ɓangaren da ya fi rauni, jimilla ta tsaya 28. Na biyu, a ceton kai, likita mai tsoro ba ya barin majinyaci ya jingina sosai, sai a sake shi bai ko motsa ba, a ba shi 2. Dole kafaɗu da ƙugu su wuce yatsun ƙafa a na gaba, su wuce dugadugai a na baya, kuma likita ya ji nauyin a hannunsa. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne idan majinyacin mai jiki ne: a ɗaura masa bel a ƙugu, wani ya tsaya kusa. Tunda gwajin yana buƙatar riƙe kafaɗa da ƙugu, ga Hajiya a nemi ma'aikaciya mace, ko a yi bayani sosai a gaban 'yarta kafin a fara. Wadda ta takura za ta ƙanƙame jiki, makin ya fito ƙarya. Na uku shi ne lissafin da ake yi a TUG, wato ƙirga baya ana cire uku-uku. Wanda bai yi boko ba zai iya tsayawa cak don kunya, ba don ƙafarsa ta gaza ba. A mayar masa da shi kuɗi: "Malam, kuna da naira 100, ku riƙa cire naira 3 kuna faɗa mini saura." A gwada shi a zaune tukuna. Kada a musanya da karatun abin da ya haddace tun yana yaro, domin harshe yana zubo wannan ba tare da ya ɗauke hankali daga tafiya ba, gwajin kuwa raba hankali yake nema.

Wanda ba shi da soso da gangare amma yana da baranda, ma'aunin tafiya mai suna FGA zai yi masa. Wrisley ce ta fitar da shi a 2004 daga wani tsohon ma'auni mai suna DGI, mai maki 24. Ayyuka 10 ne, maki 30, duk na tafiya a kan hanya mai mita 6 da faɗin santimita 30: juya kai, tsallake abu, tafiya ido rufe, tafiya da baya, hawa matakala. A tsofaffin da ke zaune a gidajensu, 22 zuwa ƙasa alamar haɗari ce. Ya fi dacewa da masu jiri da matsalar kunnen ciki. Ba ya gwada ceton kai.

Wanda bai iya tsayuwa ba tukuna

A makonnin farko bayan shanyewa, Berg ya fi ƙarfin majinyata da yawa. Binciken Mao a Taiwan a 2002 ya nuna haka a kwana 14 bayan bugun ciwon: da yawa sun taru a ƙasan Berg, amma wani ma'auni mai suna PASS ya iya rarrabe su. Benaim da abokan aikinsa a Faransa suka fitar da PASS a 1999, ayyuka 12, maki 0 zuwa 3, jimilla 36. Yana farawa daga gado: juyawa ta ɓangaren da ya shanye, juyawa ta lafiyayyen, tashi zaune, komawa kwance, har zuwa tsayuwa da ɗaukar fensir a ƙasa. Gado da agogo kawai yake buƙata, minti 10 ya isa. A ɗakin kwanciya da ziyarar gida a watanni ukun farko, shi ya kamata a fara da shi. Yana kuma da amfani ga zuciyar masu jinya: matar da take juya mijinta dare da rana, idan aka nuna mata ya tashi daga 8 zuwa 15, ta san wahalarta tana haifar da abu.

Ma'aunin Tinetti, na 1986, maki 28 ne, 16 na tsayuwa 12 na tafiya, kuma 18 zuwa ƙasa haɗari ne babba. Yana da sauri, amma nau'o'insa sun yi yawa a intanet, makinsa kuma 0 zuwa 1 ko 2 ne, ƙaramin sauƙi ba ya bayyana. Sashen da ya riga ya saba da shi ya tabbatar takarda ɗaya kowa ke amfani da ita. Gwajin miƙa hannu na Duncan, na 1990, inda ƙasa da santimita 15 ke nuna haɗari, yana cikin Berg, kuma miƙawa gaba kawai yake aunawa. Faranti mai auna rawar jiki da kwamfuta na masu bincike ne. Yana ba da lambobi masu kyau a kan tsayuwa cik, amma da wuya su sauya atisayen da za a ba majinyaci. Ga yara 'yan makaranta akwai Berg na yara da Franjoine ta gyara a 2003, shi ma maki 56.

Tsoron faɗuwa, da abin da takardun ba su tambaya

Wani ƙafarsa ta warke amma zuciyarsa ba ta warke ba, ya daina fita, jiki ya sake mutuwa. Takardun tambaya biyu ne suka shahara. ABC, na Powell da Myers, 1995, tambayoyi 16 ne, majinyaci yana faɗin yardarsa da kansa daga 0 zuwa 100, kuma ƙasa da 67 alamar haɗari ce. Amma a cikinsa akwai hawa matakala mai tafiya da lantarki da taka hanyar da ƙanƙara ta rufe. Tsohuwa a Unguwar Sanusi za a ce ta ƙiyasta abin da ba ta taɓa gani ba, ta kuma faɗe shi da kaso cikin ɗari. FES-I, na 2005, an tsara shi ne tun farko don ya ratsa al'adu. Tambayoyinsa 16, amsa huɗu ce kawai daga "ba na damuwa" zuwa "ina damuwa ƙwarai", jimilla 16 zuwa 64, kuma 28 zuwa sama damuwa ce mai yawa. Yana tambayar wanka, zuwa kanti, shiga cunkoso, taka wuri mai santsi ko mai gargada, da zuwa taron ibada ko na dangi. A Kaduna shi ya fi zama daidai. Sai dai kada kowane ma'aikaci ya fassara shi da baki yadda ya ga dama. Sashe ya zauna ya rubuta lafazin Hausa guda, kowa ya karanta shi.

Duk waɗannan ma'aunan an gina su ne a kan rayuwar kujera, gado mai tsayi da masai na zama. Majinyacinmu yana zama a tabarma, yana tsugunawa a bayi, yana sunkuyawa da buta wajen alwala a kan siminti mai jiƙa, yana ruku'u da sujada ya miƙe sau da yawa a yini, yana ɗaga ƙafa ya shiga Keke. Ɗaukar takalmi a Berg da ɗaukar fensir a PASS ne suka ɗan kusanci wannan. Don haka a ƙara layi biyu a kati. Na farko, sauka ƙasa da tashi: a shimfiɗa tabarma kusa da kujera mai ƙarfi, a ɗauki lokaci, a rubuta da me ya dafa, hannu ɗaya, hannu biyu, kujera ko mutum. Na biyu, yadda yake salla yanzu: a kwance, a kujera, a zaune a ƙasa, ko a tsaye da cikakkiyar sujada. Waɗannan ba su da iyakar da bincike ya tsayar, kada a haɗa su da makin Berg, amma su ne abin da majinyaci zai fara tambaya.

Zaɓin

Namu ra'ayin shi ne a zaɓa bisa matakin majinyaci. Wanda ke kwance ko yake zama da taimako, PASS. Wanda yake tsayuwa amma tafiyarsa sai da sanda ko riƙo, Berg. Wanda yake tafiya da kansa, ko wanda Berg ɗinsa ya kai 50, a koma Mini-BESTest, ko FGA in jiri ne kukansa ko babu kayan. Duk mai iya taka mita 10 a yi masa TUG da saurin tafiya, domin su biyun ba su kai minti 5 ba. FES-I a ranar farko da ranar sallama. Wannan bai yi nisa da shawarar ƙungiyar likitocin gashin jijiya ta Amurka ta 2018 ba, wadda ta zaɓi Berg, FGA, ABC, tafiyar mita 10, tafiyar minti 6 da tashi-zauna sau 5. Inda muka saɓa da su shi ne ABC, saboda dalilin da ya gabata, da kuma fifita Mini-BESTest saboda ceton kai. Idan sashe ma'auni ɗaya kawai zai iya koya wa kowa a bana, ya fara da Berg tare da TUG, domin mafi yawan masu zuwa gashi a matakinsa suke. Idan lokacin sauya ma'auni ya yi, a yi tsohon da sabon a rana ɗaya, don zaren lissafi kada ya tsinke.

Kafin kowane gwaji a auna hawan jini a kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da miƙewa. Idan na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, maganar ta likitan da ke ba da maganin hawan jini ce kafin ta zama ta atisaye. Mai ciwon suga a taɓa tafin ƙafarsa da zaren gwaji mai giram 10. Wanda jiri ke kwasarsa idan ya juya a gado, gwajin Dix-Hallpike, na kunnen ciki, ne farko, kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan cikin garin Kaduna. Mai yanar ido kuma a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa. A maimaita awo duk mako 3 ko 4, a lokaci ɗaya na yini: wanda aka auna da safe kafin azumi, kada a gwama shi da awon la'asar a cikin Ramadan, mai Fakinson kuma a rubuta awa nawa da shan maganinsa. A share ƙurar hunturu daga tayil, a jira ƙasa ta bushe bayan mofa. Babbar riga a cire ta, zani a ɗan sassauta shi ya kai idon sawu, dogon hijabi a tattare shi yadda za a ga ƙafa. Takalmin da aka yi gwajin farko da shi, silifas ne ko sau-ciki, a rubuta shi a kati, a ce wa masu jinya su zo da shi ranar awo na gaba.